Tsatsa Mai Yatsu Huɗu

Na rantse da yatsuna tara da suka rage, in na gama ba ka labarin nan cewa za ka yi shirga shi na yi. Ba zan ga laifinka ba. Duk faɗin Port Tregear ba mai yarda da maganata, alhali ni Clarrie Dunstan ban taɓa yin ƙarya ba, sai dai in na ga gaskiya ta yi lami in ɗan gyara mata zama.

Yatsa na goman, wato na tsakiya a hannun dama, wani ƙaton kifi ne ya guntule shi a teku. Yayata Raelene tana cewa injin yankan ciyawa ne. Don dai ita ta kai ni asibiti ai ba shi ne ta san komai ba.

Da babanmu ya rasu, abu ɗaya ya bari mai daɗin gani, tsohuwar a-kori-kurarsa ƙirar Holden, wadda ta girme ni. Ni ne ɗansa namiji tilo. Amma da lauya ya buɗe wasiyya a gaban dangi, sai ga shi Bevan Trethowan aka bar wa motar, mijin Raelene. Baba har da ƙarin bayani, wai in aka ba Clarrie uwar maƙera, kafin sati ya fasa ta. Lauyan ya karanta wurin nan sau biyu, wai bai gane rubutun ba. Ƙarya yake, daɗi ya ji.

Bevan manomin alkama ne, mutum ne da in ya ce maka "to" ya gama hirar yini. Shekara shida ya yi yana fama da motar nan a garejinsa. Ya warware ta ƙusa-ƙusa har sai da ya rage ƙashinta kawai, ƙarfen nan da inji da jiki da tayoyi duk suke zaune a kai. Ya yanke inda ya ruɓe, ya yi walda mai kyau kamar ɗinkin hula. Burinsa a duniya ya kai ƙashin nan bajekolin tsofaffin motoci da ake yi duk shekara a filin ƙwallon garinmu, a rukunin aikin da ba a gama ba. Kowa baƙin fenti yake shafa wa nasa, don baƙi yana rufa asiri. Shi kuwa ya ce fenti gani-har-hanji zai fesa, mai kama da gilashi, don alƙalai su ga waldarsa tsirara.

Ranar wata Juma'a da safe aka dawo da ƙashin daga wurin masu kankare ƙarfe da feshin yashi. Fari tas, kamar azurfa. Ƙa'idarsa kuwa a fesa masa fenti a ranar, domin iskar tekunmu gishiri ce zalla, cokali ma in ka bari a waje sai ya yi ja. Ina tsaye ina ba Bevan shawarwarin da bai nema ba, sai wayarsa ta yi ƙara. Gobara ta tashi a gonakin alkama can cikin ƙasa, shi kuwa yana cikin 'yan sa-kai masu kashe wuta. Raelene ma ta riga ta tafi haɗa wa 'yan kwana-kwana abinci. Ya dubi ƙashin, ya dube ni, ya sake duban ƙashin kamar mai barin jariri wurin kura.

Ya ce, "Clarrie, ga makulli. Ka rufe ƙofa."

Na ce, "An gama, mutumina. In ma kana so in ɗan..."

"Ka rufe ƙofa."

"Ai ka san na yi koyon fenti a Adelaide."

"Na sani. Shi ya sa. Kar ka taɓa shi. Ko numfashi kar ka yi a kansa."

Koyon fentin nan gaskiya ne. Shekara huɗu ake yi, ni a sati uku na gama, don maigidan da kansa ya ce ba abin da zai iya koya min kuma, ya raka ni har bakin titi. Makaranta ma haka muka rabu da ita a aji tara, ba faɗa ba cacar baki.

Na rufe ƙofar kuwa. Sai dai ina ciki.

Na yi lissafi. Gobarar gona ba ta mutuwa a yini ɗaya. Kafin Bevan ya dawo tsatsa ta hau aikin shekara shida. Wa zai ceci motar Baba? Wanda aka ce zai fasa uwar maƙera. Har na hango jama'a suna tafi, Raelene tana share hawaye, Baba yana juyi a kabari don kunya.

Gwani ba ya aiki da yunwa, don haka na fara zuwa bakin ruwa na sayo soyayyen kifi da dankali, na ce a zambaɗa gishiri da ruwan tsami kamar na gayya. Teburin garejin duk kayan aiki ne, kuma Bevan ba ya son a taɓa masa kaya. Saboda girmama shi sai na baje takardar a kan ƙashin motar. Ina ci ina lasar yatsu ina zaga shi, ina dafa nan ina dafa can, ina nazari irin na masana.

Zafi ya yi zafi, garejin kwano ne. Na buɗe ƙofa don in sha iska. Kai ma ka san halin tsuntsayen teku da dankali. Ɗaya ta leƙo, ta yi kira, kafin in haɗiye loma gareji ya cika da fukafukai. Suka hau ƙashin suna zarya a kai da jiƙaƙƙun ƙafafu kamar gadar ubansu. Na ɗauki tsintsiya na shiga yaƙi. Na kai wa wata duka, santsin dankali ya kwashe ni, na rungumi ƙashin da hannu biyu. Wata babba, da alama ita ce shugabarsu, ta tsaya daidai kan waldar da Bevan ya fi ji da ita, ta dube ni ido cikin ido, ta sauke nauyin cikinta, ta tashi.

"Clarrie Dunstan, kai ne a garejin Bevan, ko kuwa mahaukaci ne ya ɓalle?"

Noreen Pascoe ke nan, maƙwabciyarsu, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya. Ta ɗora haɓa a kan shinge, ɗan karenta Major yana haushi a ƙafarta.

Na ce, "Aiki nake, Noreen. Aikin ƙwararru."

"Da tsintsiya?"

"Kowace sana'a da sirrinta."

"Na san ka tun kana tsula fitsari a wando. Sirrinka ɗaya ne, ɓarna."

Na rabu da ita, don ba a jayayya da wadda ta halarci bikin sunanka. Na jawo tiyo na wanke ƙashin sarai. Ruwan rijiyar burtsatsen Bevan ɗan zartsi ne, ko tumatir ba ya so, amma ai wanki na ce, ba sha ba. Bakin tiyon ya kwance a hannuna, na jiƙe sharkaf. Na gaji, na zauna a kan ƙarfen da ya gitta tsakiyar ƙashin, da jiƙaƙƙen gajeren wandona, na ƙarasa ragowar kifin. Sannan na busar da komai da injin hure ganye. Wurin da ya ƙi bushewa na goge da rigata.

Akwai safar hannu sabuwa fil a rataye. Ni kuwa ba na shiri da safar hannu, don yatsan tsakiyar yakan yi ta lilo fanko kamar wutsiyar ƙadangare, yana ɓata min kwarjini. Da hannuna na Allah na kama ƙashin na juya shi a kan mazauninsa, na juyo, na sake juyawa. Na haɗa fentin da ruwan da ke sa shi ƙanƙamewa, da ido, don ma'auni na 'yan koyo ne. Na kunna kwamfaresa na ɗauki bindigar feshi.

Kai, ka ga aiki! Sai dai iska ta juya, rabin feshin ya bi ta ƙofa ya tsallake shinge ya sauka a kan shanyar Noreen. Ban ce komai ba. Kyauta ba a yi mata shela.

Ranar Lahadi da rana Bevan ya dawo, baƙi ƙirin da hayaƙi, idanu jajur. Bai ko shiga gida ba ya nufi gareji. Ina biye da shi, na bar ƙofa a buɗe saboda ko ta kwana. Ya tsaya. Ƙashin yana walƙiya kamar an tsamo shi daga zuma.

"Kai ka yi wannan?"

"In ba ni ba wa?"

"Ka goge shi da maganin cire maiƙo?"

"Sau uku."

"Ka sa safar hannu?"

"Haba Bevan. Ni za ka tambaya wannan? Fatar jikina ba ta taɓa ƙarfen nan ba ko da kuskure."

"Ruwa fa?"

"Ko yawu."

Ya daɗe yana shafa shi. Ya ce, "Da ya kwana biyu tsirara, da na dawo na tarar da shi ja. Zan sa sunanka a allon bajekolin, tare da nawa." Sannan ya ƙara da maganar da ta fi duk wadda ya taɓa yi tsawo. "Ina jin tsohon nan, babanku, bai yi maka adalci ba."

Kafin magariba duk mashayar garin ta ji labari, daga bakina. Na ce wani sirrin haɗi ne da na koya a Adelaide, irin wanda ake fesa wa jiragen ruwan yaƙi.

Ranar Alhamis na leƙa in gai da aikina. Sai na ga wani ɗan rawaya-rawaya a ƙarƙashin fentin, kamar shayi ya ɗiga. Na sa yatsa na goge. Yana ciki. Na matsa gaba, ga wani. Na ja da baya na ƙura ido. Tafin hannu ne, da babban yatsa, da manuni, sai giɓi, sai sauran biyun.

Na ruga na kwaso duk tsofaffin bargunan gidan na lulluɓe shi, na ɗaure da igiya. Da Bevan ya dawo daga gona na tare shi.

"Na manta ban gaya maka ba. Haɗin nan nawa sai ya yi sati uku a duhu. In haske ya taɓa shi dishewa yake."

"Ban taɓa jin haka ba."

"Ai da ka taɓa ji, da ba sirri ba ne."

Girbi ya sha masa kai, kullum yana kan injin yanka daga fitowar rana har faɗuwarta. Ya ce, "To."

Sati biyu na yi ina neman mafita. Na ƙara fesa wani fentin a kai ko zai ɓoye, sai ma ya fito da zanen raɗau kamar hoto a cikin gilashi. Na ce wa Bevan baƙin fenti fa shi ake yayi bana, ya ce ai ni na ce nawa irin na jirgin yaƙi ne. Na ce na ji a rediyo za a yi ruwa da ƙanƙara ranar bajekolin, Raelene ta ce a wace tashar. Na ce ƙafata tana ciwo, ta ce ba da ƙafa ake karɓar kofi ba. Abin da kawai na samu shi ne, Bevan ya yarda a kai shi a lulluɓe, a yaye a gaban alƙalai, wai don ya fi armashi. Kullum kuwa in na ɗaga bargo, tsatsar nan ƙara nuna take kamar mangwaro.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, amma ni na yi niyyar gwadawa. Da muka isa filin na sa farar safar hannu. Na je rumfar masu gasa nama na sayi sosej ɗaya na naman sa, irin niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji, siriri, na gutsure shi daidai tsawon yatsa, na zura a gurbin. Na ɗaga hannu na duba. Biyar cif. Rabona da ganin haka shekara goma sha tara.

Raelene ta ce, "Safar hannu a wannan zafin?"

Na ce, "Yaya, mai fenti na gaskiya ba ya kusantar aikinsa da hannu tsirara."

Jama'a suka taru a bakin tirelar da muka ɗauko ƙashin a kai, don duk na gayyato su tun kafin in ga abin da na gani. Ga allo, Bevan Trethowan da Clarrie Dunstan, da manyan baƙaƙe. Ga babban alƙali Des Oates da ɗan madubinsa mai sanda na leƙa ƙarƙashin mota. Ga Noreen a sahun gaba, da jaka a hammata da Major a igiya. Bevan ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ya kwance igiya, ya ja barguna.

Filin ya yi tsit, har kana jin naman da ake gasawa yana tsuwa.

Tafin hannu ne ja-ja tun daga goshin ƙashin har wutsiyarsa, sun fi arba'in, wasu a tsaye, wasu a kwance, wasu sun rungume shi. Tsakaninsu sawun tsuntsaye ya yi layi yana kai da komo. A tsakiya kuma, kan ƙarfen da ya gitta, ga wasu manyan da'irori biyu maƙwabtan juna, kowace kamar faifai. Duk a ƙarƙashin fenti mai sheƙi, an adana su tsaf.

Des Oates ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Bevan, wannan ado ne, ko kuwa wurin da aka yi kisan kai?"

Wani daga baya ya ce, "Irin na jirgin yaƙi ne!"

Bevan ya ƙura wa ƙashin ido. Kunnuwansa ne kawai suka yi ja, suka yi daidai da tsatsar.

Na ga in ban yi magana ba wani zai yi, sai na dafe ƙirji. "Jama'a, ku yi shiru. Wannan ba aikin mutum ba ne. Baba ne ya zo sa wa motarsa albarka."

Raelene ta ce, "Baba da yatsunsa goma aka binne shi, Clarrie. Ni na sa masa agogo."

Noreen ta ce, "Des, kai da ka yi makaranta, ƙirga mana yatsun."

Ya sunkuya. "Huɗu. Huɗu. Wannan biyar, na hagu ne. Huɗu."

"Ɓarawo ne!" na ce. "Ɓarawo mai yatsu huɗu ya shiga garejin. Duniya cike take da su. Ni dai kowa ya shaida." Na ɗaga hannun dama sama, na baza yatsu. "Likitocin Adelaide sun dasa min sabo tun watan jiya. Ɓoyewa na yi don in ba ku mamaki."

Har na ga wasu sun fara kallon juna. Da a nan na tsaya da wataƙila na sha. Amma sai na sauke hannun na kai shi daidai hancin Noreen, don ta ƙirga da kyau.

Major ya yi tsalle ɗaya.

Ya cafke yatsan tsakiyar, ya girgiza kai, ya fizge shi tare da safar gaba ɗaya. Wata baƙuwa daga birni ta ƙwalla ƙara ta sulale a jikin mijinta. Wani ya fara kiran motar asibiti. Major kuwa ya kwanta a gindin tirela, ya dafe safar da ƙafa, ya zaro sosej ɗin ya haɗiye, ya dawo yana kaɗa wutsiya yana shinshinar sauran yatsuna ko da ƙari.

Noreen ta ce, "Likitocin Adelaide da albasa suke dasawa, ko zallansa?"

Ban taɓa jin dariya irin wannan a filin nan ba, ko ranar da limamin coci ya ci gida da kansa. Raelene ta kama wuyan hannuna irin kamun da take min muna yara, ta ja ni ta ɗora tafina a kan zanen farko. Ya zauna daram, giɓi a kan giɓi. Ta kai shi na biyu. Ta kai shi na uku.

Noreen ta buɗe jakarta ta zaro wani ƙaton kamfai mai furanni, a sandare kamar faranti. Ta ƙwanƙwasa shi a jikin tirela, ya ce ƙwal ƙwal. "Sati uku ina ajiye da shi. Guda shida ne, da tawul biyu da za ka iya yin ƙofa da su. Tun da gwaji ake, Des, saura waɗancan biyun na tsakiya. A ɗora shi mu gani."

Jama'a suka ɗauka, "A gwada! A gwada!" Wasu ƙarti biyu 'yan kwana-kwana suka fara naɗe hannun riga.

Na ce, "Ba sai an gwada ba. Nawa ne."

Na faɗi komai, kifin da tsuntsayen da tiyon. Bevan ya saurara har ƙarshe. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya je mota ya ɗauko alƙalamin fenti, ya nufi allon. Na ɗauka sunana zai soke. Sai ya soke nasa.

Ya ce, "Aikinka ne. Tsaya kusa da shi har a tashi."

Na tsaya kuwa, har ƙarfe huɗu, mutane suna zuwa ɗaukar hoto suna cewa in ɗaga hannu.

Washegari da safe na tarar an turo ƙashin ƙofar gareji, inda duk mai wucewa zai gani. Raelene ta dire min kwali cike da samfefa, da sabuwar safar hannu wadda ta ɗinke bakin yatsan tsakiyarta. Ba inji, ba feshin yashi. Da hannu zan kankare shi, tun daga goshi har wutsiya, sai ya koma fari kamar ranar da aka kawo shi. Noreen ta fito da kujera bakin shinge, da shayinta, da Major a cinya.

Ta ce, "Fara da na tsakiyar nan, yara suna wucewa ta nan zuwa makaranta."

Na durƙusa na goga, na goga, na goga. Samfefa ta cinye, fentin ko gezau. Na ɗago na ce, "Bevan, zo ka gani da idonka. Duk abin da za a ce a ce, amma fentin nan nawa ya kama."

Ya miƙo min wata samfefar.